Zauren Tambaya: Salsalar Gidanmu a Cikin Kwamfuta

A fitowar da ta gabata na ambata a kan hanya cewa na daɗe ina tattara sunayen danginmu a kwamfuta. Ashe na taɓo wa mutane inda yake musu ƙaiƙayi, don wasiƙun wannan watan kusan duk a kan haka suka zo. Ga waɗanda wuri ya ɗauka.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Mahaifinmu ya rasu bara. A zaman makoki mutane suka yi ta zuwa daga Bakori da Malumfashi har da Zariya, kowa ya ce ɗan'uwa ne, mu 'ya'yan kuwa sai sunkuyar da kai muke don ba mu san ta inda aka haɗu ba. Na ji kunya ƙwarai. Wace manhaja zan sa in fara rubuta danginmu, kuma nawa ake sayar da ita?
Daga wani malamin firamare, Funtuwa.

AMSA: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba, ya kai haske kabarinsa. Malam, kafin mu zo kan manhaja, wa ya rage muku cikin tsofaffi? In akwai gwaggo ko wata kaka da hankalinta ke nan daram, Asabar ɗin nan ka sayi goro da sabulu da ɗan turare ka tafi wurinta. Manhaja ko baɗi ka neme ta za ka same ta, tsohuwa kuwa ba ka da tabbas a kanta.

Ni a 2016 na fara, da yayar mahaifina, a wani ƙauye da ke yammacin Gwarzo. Na iske ta a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa a faifai. Bayan gaisuwa na buɗe kwamfuta a kan cinyata, na ce, "Gwaggo, wa ya haifi kakanmu?" Ta dubi kwamfutar, ta dube ni, ta ce, "Wannan allon na gwamnati ne?" Daga nan ta kama bakinta. Sai da na rufe abin na tura shi cikin jaka, na jawo faifan muka ci gaba da ɓara tare. Na nemi izinin ɗaukar muryarta a waya, ta ce in ɗauka mana, ai ba waƙa za ta yi ba. Na daina yi mata tambayar alƙali. Na koma tambayarta a ɗakin wa ta tashi, wa ya ba da aurenta, wa ya yi mata wankan jego a haihuwar fari. Ranar ba mu tashi ba sai da aka kira magariba, kuma na koma gida da sunaye sama da ɗari, ɗaki-ɗaki. Baffannina maza da na tambaya daga baya sun iya jero uba, kaka, kakan kaka, sak kamar tsani, amma ba wanda ya san sunan uwar kakansa. Wannan ilimin a hannun mata yake. Gwaggo ta rasu a 2018, Allah ya jiƙanta, kuma akwai rassa biyu na gidanmu da in ba don wannan zaman ba da sun tafi tare da ita.

To, manhaja. Wadda nake amfani da ita sunanta Gramps. Kyauta ce, ba ko kwabo, masu aikin sa-kai ne ke kula da ita tun 2001. Tana aiki a Windows da Mac da Linux, kuma da zarar ka sauke ta ba ta ƙara neman data, komai yana zaune a kwamfutarka. Akwai ta da Turanci da Faransanci da Larabci. Fuskarta ba ta da wani ado, kuma makon farko za ta ɗan ba ka haushi, amma ba ta ƙayyade maka yawan mutanen da za ka zuba. In waya kaɗai gare ka, akwai Family Gem a kan Android. Akwai kuma na kuɗi irin su RootsMagic, sai dai ban ga abin da zai sa malamin firamare ya taɓa albashinsa a kansu ba.

Ka fara da kanka, sai iyayenka, sai kakanni, kana hawa sama. Kada ka fara da wani shahararren kaka da ake faɗa a gida ka ce za ka gangaro, nan ne ake ɓata. Kuma duk abin da ka shigar, akwai gurbin da manhajar ta tanada na madogara: ka rubuta wanda ya gaya maka da ranar da ya faɗa. Na san yana da gajiyarwa. Amma ranar da kawunka ya ce 'ya'yan kakanku goma sha ɗaya ne, gwaggonka ta ce goma sha huɗu, wannan gurbin ne zai cece ka. Ka rubuta duka biyun, kowanne da sunan mai shi. A gidanmu da irin haka ta faru, gwaggo ce ta yi gaskiya, don ita ta lissafa har da waɗanda suka rasu a goye.

Abu na ƙarshe gare ka shi ne ajiya. Akwai wani tsarin fayil da ake kira GEDCOM, wanda ya fito tun 1984, kuma kusan duk manhajojin salsala suna iya karanta shi. Duk ƙarshen wata ka fitar da aikinka a wannan tsarin, ka sa a filashi, ka kuma tura wa ƙaninka ta imel. Ka lura an fitar da shi da tsarin haruffa na UTF-8, in ba haka ba ƙ da ɗ da ɓ za su koma wasu alamomi, Ɗanladi ya zama abin da ko uwarsa ba za ta gane ba. Hotuna da muryoyi ba sa shiga cikin GEDCOM na gargajiya, adireshin inda suke kawai yake ɗauka, saboda haka su ma ka kwafe su daban. Na taɓa kai kwamfutata gyara wani shago aka share mini komai. Aikin wata biyar ya tafi, abin da ya tsira shi ne wanda na tura wa ƙanwata.

TAMBAYA: Na sauke irin manhajar nan amma ta rikita ni. Tana neman "sunan iyali", mu kuwa ba mu da shi. Kakana ya auri mata tara a rayuwarsa, wasu sun fita wasu sun rasu, akwai agola, akwai 'yan riƙo. Ta ina zan sa duk waɗannan?
Daga wata ma'aikaciyar jinya, Maraɗi.

AMSA: 'Yar'uwa, ba ke ce kika rikice ba. An ɗinka rigar ne a jikin Bature, wanda suna ɗaya ke bin gidansu ɗaruruwan shekaru. Mu kuwa sunan uba muke ɗorawa, ko na kaka, ko na gari. Malam Aminu Kano da Shehu Shagari da Abubakar Tafawa Ɓalewa duk sunayen garuruwa ne a ƙarshen sunansu. Kenan wa da ƙane, uwa ɗaya uba ɗaya, kowa na iya ɗaukar suna na biyu daban, musamman in makarantar boko ce ta raɗa musu.

Ga yadda nake yi. A gurbin sunan farko, sunan yanka. A gurbin sunan iyali, sunan mahaifi, kuma Gramps na barin ki yi alamar cewa wannan sunan uba ne ba na zuri'a ba. Sannan duk sauran sunayen da ake kiran mutum da su, ki ƙara su a matsayin ƙarin suna, don mutum ɗaya yana iya ɗaukar sunaye da yawa a ciki. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a wurinmu. Wadda duniya ta sani da Ladi ko Asabe ko Jummai, sunan rana ne kawai, na yankan yana can wanda ko 'ya'yanta ba lalle su sani ba. Wanda aka sa wa sunan kakansa ya zama Abba ko Baffa ko Maikano har ya tsufa. Ga alkunya: Gwaggona ta jero mini kowa da kowa amma ta ƙi kama sunan mijinta da na ɗanta na fari. "Malam" da "wancan yaron" ta yi ta cewa, yaron da a lokacin ya haura saba'in. Sai a bakin 'yar kishiyarta na samo su.

Ki yi hattara da maimaita suna. Na taɓa haɗe Abdullahi biyu na mai da su mutum ɗaya, kaka da jikansa. Ban farga ba sai da na kunna abin binciken kurakurai na manhajar, ya sanar da ni cewa wata baiwar Allah ta girmi ɗanta da shekara shida kacal. Tun daga nan duk mai suna irin na wani sai na liƙa masa laƙabi ko sana'a ko unguwa.

Batun mata tara ba matsala ba ce. Manhajar ba ta ƙirga wa namiji mata. Kowace mace ki buɗe mata nata auren da kakan, ki zuba 'ya'yanta a ƙarƙashinta. Ɗaki-ɗaki kenan, daidai da yadda tsofaffinmu ke lissafi. Wadda ta fita ta auri wani, ki buɗe mata wancan auren shi ma, don 'ya'yan can 'yan'uwan iyayenki ne ta wajen uwa. Agola da ɗan riƙo kuwa, manhajar na tambayar dangantakar yaro da kowane ɗaya daga iyayen gidan: haihuwa, riƙo, ko ɗan miji ko ɗan mata. Ki sa yaron a ƙarƙashin iyayen da suka haife shi, sannan ki ƙara shi a gidan da ya tashi da alamar riƙo. Kada tausayi ya sa ki jingina shi ga wanda ya riƙe shi. Aya ta 5 a Suratul Ahzab ta yi umarni a kira su da sunan ubanninsu, kuma nan da shekara talatin wani na iya ɗauko takardarki ranar rabon gado.

Akwai wanda ba ki tambaya ba, wato shayarwa. Bature bai tanadar masa gurbi ba don a wurinsa ba ya hana aure. A Gramps akwai wurin da ake ƙulla alaƙa tsakanin mutum biyu a rubuta irinta da hannu. Nan nake rubuta "ta shayar da shi", da sunan wadda ta shaida. In tsofaffin matan da suka san wa ya sha nonon wa suka ƙare, ba wata takarda a duniya da za ta faɗa miki.

TAMBAYA: Ba wanda ya san ranar haihuwar kakanninmu. Ko mahaifina 1 ga Janairu ce a takardarsa, kuma ya ce ƙirƙira aka yi. In bar wurin fayau?
Daga wani ɗalibi, Jami'ar Bayero.

AMSA: Rabin dattawan ƙasar nan 1 ga Janairu aka haife su in ka bi takardar rantsuwar kotu. Ka rubuta ta, amma ka nuna cewa daga takardar rantsuwa ta fito. Manhajar ba ta tilasta maka rana da wata. Tana karɓar "wajen shekara kaza", "kafin kaza", "bayan kaza", "tsakanin kaza da kaza", kuma wannan ya fi ƙirƙirar rana sau dubu.

Tsofaffi da abin da ya faru suke lissafi, aikinka shi ne ka san shekarun. Turawa sun ci Kano da Sakkwato a 1903. Yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914 ce. Sarki Alhaji, wato Abdullahi Bayero, ya hau a 1926 ya rasu a 1953. Sarauniyar Ingila ta zo Kaduna a 1956. An kashe Sardauna a Janairun 1966. An koma tuƙi ta hannun dama a 1972, naira ta maye gurbin fam a 1973. Gwaggo ta ce mini tana goye aka naɗa Sarki Alhaji, sai na rubuta mata tsakanin 1924 da 1926. Ka yi wa garinku irin wannan jerin, da sarakunansa da hakimansa da shekarar gobarar kasuwa ko ambaliya, ka riƙa tafiya da shi a aljihu.

Ka kuma duba bangon Alƙur'anin gidanku da gafakar kakanka in malami ne. Malamai da yawa kan rubuta haihuwa da rasuwa da ajami a gefen takarda, da shekarar Hijira. Gramps na karɓar kwanan watan Musulunci kai tsaye, sai dai da lissafi take juyawa ba da ganin wata ba, don haka tana iya saɓawa da kwana ɗaya ko biyu. In a ka za ka yi, ka ninka shekarar Hijira da 0.97 ka ƙara 622. Shekarar 1372 za ta ba ka ƙarshen 1952, kuma haka ne, a Satumbar 1952 ta kama.

TAMBAYA: Wani abokina ya ce in yi amfani da FamilySearch, kyauta ne kuma ko wayata ta ɓata aikina yana nan. Mene ne ra'ayinka?
Daga wani ɗan kasuwa, Kantin Kwari.

AMSA: Alhaji, abokinka bai yi ƙarya ba, amma bai gama faɗa maka ba. FamilySearch shafin intanet ne na tattara salsala, mallakar cocin Mormon da ke Salt Lake City a jihar Utah ta Amurka, kuma su ne ma suka ƙirƙiro GEDCOM. Tun 1894 suke tattara bayanan zuri'a, saboda a aƙidarsu ana yi wa mamaci baftisma ta hanyar wakili. Dokar cocin ta ce mabiyi ya gabatar da sunayen danginsa ne kawai, amma an sha samun ƙorafi, har Yahudawa suka kai ga yarjejeniya da su a 1995 kan sunayen mutanensu da aka kashe a Yaƙin Duniya na Biyu. Ya kamata Musulmi ya san wannan kafin ya zuba sunayen iyayensa.

Na biyu, bishiya ɗaya ce ta kowa da kowa. Rayayyun da ka shigar kai kaɗai ke ganinsu, amma mamata duk mai rajista na iya gani, yana ma iya gyarawa. Wani da ba ka taɓa gani ba zai iya sauya wa kakanka uba. Su kuma kamfanonin kuɗi irin su Ancestry da MyHeritage, ƙarfinsu na kan takardun ƙidaya da rajistar coci-coci na Turai da Amurka, ba za su tono maka kakanka na Ɗambatta ba. A 2018 ma MyHeritage ta sanar cewa an sace adireshin imel na mutane sama da miliyan 92 daga wurinta. Ni dai nawa yana kwamfutata da filashi biyu.

TAMBAYA: Iyayena auren zumunci suka yi, ubanninsu wa da ƙane ne, kenan kakansu ɗaya. In shigar da kakan sau biyu?
Daga wata uwargida, Gusau.

AMSA: A'a, Hajiya, sau ɗaya tak. Ki haɗa rassan biyu a jikinsa, manhajar za ta nuna shi ta kowane ɓangare da kanta. In kika shigar da shi sau biyu, duk gyaran da kika yi a ɗaya ba zai kai ga ɗayan ba. A lissafi kowa na da kakanni 4, iyayensu 8, hawa goma sama 1,024, hawa ashirin sun haura miliyan. Auren dangi ne ke rage wannan adadin, kuma ba gidan da babu shi a duniya.

TAMBAYA: Na gama tattara mutum kusan ɗari shida. Ina so in buga in raba a taron zumuncinmu na bayan Sallah. Amma na gano abubuwan da ba a faɗa, ciki har da cewa wata kakarmu baiwa ce aka sa ɗaka. Kuma manyanmu na cewa mu Sharifai ne, ni kuwa salsalar da aka ba ni sunaye goma sha bakwai ce kawai. Yaya zan yi?
Daga wani ma'aikacin banki, Kaduna.

AMSA: Sannu da aiki, ɗari shida ba wasa ba. Wajen bugawa kada ka nemi zuba su duka a shafi ɗaya, zai fito kamar saƙar gizo-gizo. Ka zaɓi kakan da ya haɗa mahalarta taron, ka sa manhajar ta fitar da bishiyar zuri'arsa hawa uku ko huɗu a PDF, ka kai wa masu buga allon talla su buga maka babba a rataye a bango. Sannan kowane ɗaki ka buga masa nasa jerin a takarda. Ka tafi da jan biro guda biyar. Ranar da na rataye tamu, kafin a ci abinci an yi mini gyara ya fi talatin, wata inna ma ta tsare ni a kan me ya sa na sa kishiyarta a sama da ita alhali ita ce uwargida. Ta fi ni gaskiya, na je na gyara jerin auren. Kafin ka fitar, ka kunna zaɓin ɓoye bayanan rayayyu, don ranar haihuwa da sunan uwa su ne abin da 'yan damfara ke nema, kai da ke banki ka fi ni sani. Kuma takardar da ta shiga zauren WhatsApp na dangi ta riga ta fita hannunka.

Game da kakar nan: ka rubuta gaskiya a kwamfutarka, ka sa mata alamar sirri, manhajar za ta tsallake bayanin wajen bugawa. Sunanta da 'ya'yanta su fito kamar na kowa. A shari'a ɗan sa-ɗaka ɗa ne cikakke, yana gado, kuma sarakuna da dama a ƙasar Hausa ta nan suka fito. Amma ba a filin taro ake sanar da mutum irin wannan ba, kuma ba kai ne za ka fara faɗa ba alhali manyanku na raye. Haka zancen cikin da aka yi gardama a kansa, ko sakin da ya zo da rigima.

Sharifta kuwa, ba ni da hurumin tabbatar muku ko kore muku. Lissafi kawai zan ba ka. A shekara ɗari akan sami hawa uku zuwa huɗu. Daga zamanin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, zuwa yau an haura shekara 1,400, kenan ana sa ran sunaye arba'in ko fiye. Goma sha bakwai na nufin akwai giɓi, kuma an saba a salsala a tsallake waɗanda ba su shahara ba. Ka shigar da iya waɗanda ka tabbatar ɗa ne ga wane, ka tsaya a nan. Ragowar ka ɗauki hoton takardar yadda take, ka liƙa ta a jikin kakan ƙarshe, ka rubuta a hannun wa ka same ta. In gidanku ya taɓa riƙe sarauta ko alƙalanci ko limanci, ka ware kwana biyu ka je Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa da ke nan Kaduna, da Gidan Arewa. Rahotannin da jami'an mulkin mallaka suka rubuta kan gundumomi sukan kawo jerin hakimai da dagatai da asalinsu. Ka je da sunan gundumar yadda ake kiranta a wancan zamanin, da sunan lardin da take ƙarƙashinsa, don da su aka jera fayil-fayil ɗin.

TAMBAYA: Ƙanen kakana ya tafi Makka a ƙasa bai dawo ba. An ce ya zauna a Sudan. In rubuta ya rasu?
Daga wani tela, Azare.

AMSA: Kada ka rubuta abin da ba wanda ya shaida. Ka buɗe masa aukuwar ƙaura, ka sa "ya tafi gabas, wajen shekara kaza", ka bar gurbin rasuwa fayau. Dubban mutanenmu sun bi wannan hanyar ta Chadi da Darfur, wasu tun bayan yaƙin Burmi na 1903 da aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru, inda ɗansa ya kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sennar. Wasu kuma sun tsaya noman auduga a Jazira don tara guzuri, zama ya kama su. Jikokinsu na nan suna jin Hausa, kuma da yawa sun riƙe sunan garin da kakansu ya baro. Ka rubuta sunansa na yanka da laƙabinsa da sunan ubansa da unguwarku ta Azare da haruffan Larabci a 'yar takarda, ka ba duk wani maniyyaci na gidanku da zai sauke farali bana, ya nuna wa Hausawan da zai tarar a Makka da Madina.